Titi Ya Yi Zafi, Birki Ya Zama Rabin Aikinmu

A shekarar 1991 mahaifina ya kama hannuna ya kai ni garejin maigidana a Fagge, cikin Kano. Babur na farko da aka ba ni in wanke Honda Roadmaster ne na wani malamin makaranta, baƙi wuluk, mai salansa biyu. In aka tayar da shi sai ka ji yana gurnani a hankali kamar kyanwar da ta ƙoshi. Mai shi yakan zo duk Asabar ko da babu abin da ya lalace, a duba masa baƙin mai, a ɗaure sarƙa, ya sa hularsa ya miƙe hanyar Ɗambatta don shan iska kawai. Ba saƙo zai kai ba, ba ziyara zai je ba. Hawan ne yake masa daɗi.

Maigida, Allah Ya jiƙansa, bai bar ni na taɓa inji ba sai da na shekara biyu ina miƙa sifana da wanke kafireta da fetur a cikin gwangwani. Ranar da ya yarda da ni, sai ya ɗora bakin sukundireba a kan inji, ya manna mariƙin a kunnena, ya ce, "Yaro, faɗa min abin da ka ji." Da haka na koyi rarrabe ƙarar bawul da ta fistin, da kukan da sarƙar cikin inji take yi in ta saki. Har gobe, mashin yana shigowa layinmu nakan san ciwonsa kafin mai shi ya sauka. Yarana huɗu da ke gareji yanzu, da wannan sukundireba nake koya musu.

Ladan gyara a wancan zamani shi ne gwaji. In mun sauke inji mun mayar, sai Maigida ya ce in kai shi Kura in dawo. Kana wuce Na'ibawa gari ya ƙare. Mota jefi-jefi, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka waiwaya ba. Iska mai sanyi tana tasowa daga gonakin shinkafa, kana jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kunnenka na kan inji, idonka yana hutawa. Wanda bai hau babur a irin wannan hanya ba, da wuya ya gane abin da nake nufi.

Yau in na tura yaro gwaji, iyakarsa bayan layi.

Abin ya zo ne daki-daki. Da farko Jincheng da sauran baburan Sin suka shigo da araha, acaɓa ta cika gari. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana goyo a babur a cikin birni, 'yan acaɓa da yawa suka koma adaidaita sahu. Mai babur ya rasa 'yan'uwansa a titi, ya koma tsakanin masu ƙafa uku da ke tsayawa duk inda aka ɗaga musu hannu, ba sigina ba komai. Sannan aka zo aka yi gadojin sama da na ƙasa, Ƙofar Nasarawa, Kabuga, Dangi, Hotoro. An rage gosulo a wuraren, wannan gaskiya ne, kuma mun gode. Amma inda a da shataletale ke tilasta wa kowa ya sassauta, yanzu mota tana saukowa daga gada a guje ta tarar da kai kana lallaɓawa. Hanyar Zariya kuwa tun da aka sake shimfiɗa ta, ta yi sumul, direbobi suka samu filin taka totur. Kai kana kan Boxer mai cc 100, tirela ta wuce ka, iskarta ta fara tura ka gefe, sannan ta janyo ka wajenta. Hannunka ya ƙage a kan babur, wuyanka ya yi tsami don waiwaye. Ina daɗin yake?

Shi ya sa aikina ya juya. A da mutum zai zo ya ce a gyara masa inji ya riƙa tashi da kyau. Yanzu duk mashin da ya shigo garejina, ko fulogi aka zo canzawa, sai na taka birkinsa. Nakan yi wa masu zuwa lissafi mai sauƙi: in kana gudun kilomita 60 a awa, a kowace daƙiƙa kana cin kusan mita 17. Kafin idonka ya gaya wa ƙafarka cewa ɗan sahu ya tsaya, ka riga ka cinye tsawon motoci uku ko huɗu. In kuma ka ninka gudu, nisan da birki zai ɗauka kafin ya tsayar da kai ninki huɗu yake zama. A titin da kowa ke sauri, tazarar da ke tsakanin komawa gida da kwanciya a asibitin ƙashi na Dala ba ta wuce taku biyu ba.

Gyaran birki a wurinmu ba ɗaure waya kawai ba ne. Muna kwance taya, mu buɗe gangar birkin, mu goge ƙura da maiƙon da ya taru, mu duba ko ta zaizaye ta yi rami. Mu shafa giris kaɗan a ƙarfen da ke buɗa takalmin birki, kaɗan ɗin nan da ba zai taɓa fatar da ke jikin takalmin ba. Mu gwada sifirin. Wayar birkin gaba mu zare ta gaba ɗaya mu duba silin da ya fara tsinkewa, domin daga ciki take cin kanta, a waje ka gan ta lafiya lau. Kuma birkin gaban nan da mutanenmu ke tsoro, har wasu su ce a kwance musu shi kada ya kayar da su, shi ne mai yawan aikin tsayarwa, domin nauyi gaba yake komawa in ka taka. Ban taɓa yarda na kwance wa kowa ba, ko da zai tafi wani garejin.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne jabun kaya. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, amma ka ɗauka a hannu ka ji ba nauyi. Fatar an manna ta da gam marar kirki, rana ta Kano ta dake ta, birki ya yi zafi a gosulo, sai ta ɓare ta cije taya. Na taɓa karɓar katan guda daga wani dila da na daɗe ina hulɗa da shi, ya rantse min gangariya ne. Na ɗaura wa wani tela, ko sati uku ba a yi ba ya dawo da gwiwa a ɗaure, tayar baya ta ƙulle masa a gangaren gada. Na kira duk wanda na sa wa kayan katan ɗin nan, mutum bakwai, na canza musu ban karɓi ko sisi ba. Dilan kuwa daga ranar ban sake taka shagonsa ba. Yanzu kowane takalmin birki sai na kankare shi da wuƙa na ga yadda fatar ta kama kafin ya hau babur ɗin mutum.

Duk da haka sai mai babur ya tsaya yana ciniki. "Haba Oga, can gaba rabin wannan kuɗin ne." Na sani, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aljihu ya yi zafi, har masu motoci da yawa sun ajiye sun sayi ƙaramin babur roba-roba, kuma su ne suka fi ba ni tausayi, domin sun shigo titi mai zafi da hannun da bai saba ba. Amma arha ba ta ado, balle a birki. Nakan ajiye masa guda biyu a tafin hannu, na gaske da na bogi, in ce ya auna da kansa.

Haka taya. Akwai lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar da ta daɗe a shago ta bushe ko da zanenta bai goge ba, ruwan farko na damina ya sauka a kan man da ya zuba a kwalta, sai ta zame. Madubi kuma, samari suna fitowa da sabon mashin daga shago su kwance shi wai ya fi kyau. Ni kuwa ina da kwali cike da madubai, nakan ɗaura wa yaro in ce ya kawo kuɗin in ya samu. Hular kwano tun 2009 jami'an kiyaye haɗurra suka fara tilasta ta, har yau sai ka ƙirga masu sawa da yatsu. Tawa tana rataye a bakin gareji, kuma yaron da zai taɓa mashin ɗin mutane ya fita, da ita zai fita.

Roadmaster ɗin malamin nan yana wurina. Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka sayar min, na shekara ɗaya da rabi ina neman kayansa, wasu sai daga Nnewi aka aiko min. Ba na shiga gari da shi. Ranar Juma'a in an sallame asuba, kafin tifofi da 'yan sahu su farka, nakan tayar da shi in kama hanyar Ɗambatta. Ina samun kamar minti arba'in da titi yake zama irin na da, inji yana gurnaninsa, hayaƙin masu ƙosai yana tashi a bakin ƙauyuka. Da na hangi fitilar tirela ta farko a madubi sai in nemi wuri in juya, in dawo in buɗe gareji kafin ƙarfe takwas.