Alewar tofi da tudun Denba

A watan Disamba na farko da na yi a Amurka, a birnin Denba na jihar Kolorado, na fito wata safiya na tarar da gwangwani a bakin ƙofata, cike da gutsattsarin alewa mai launin zuma, an shafe samanta da cakulan, an barbaɗa dakakken almon. Maƙwabciyata ce ta ajiye, wata dattijuwa da har lokacin gaisuwa kawai ke haɗa mu a bakin akwatin wasiƙa. Tofi suke kiran alewar, kuma a ƙarshen shekara maƙwabta sukan yi ta aika wa juna irin waɗannan kayan zaƙi. Ban so in mayar mata da gwangwanin babu komai ba, don haka na roƙe ta ta koya mini, ita kuwa ta kwafo mini abin da mahaifiyarta ta rubuta tun suna zaune a wani gari na bakin teku.

Takardar da kanta sai da ta ba ni aiki, domin an rubuta sanda biyu na bota, alhali ban taɓa sanin ana ƙirga bota da sanda ba. A nan haka ake sayar da ita, kowace sanda giram 113. Sauran kayan ba su da yawa: sukari kofi ɗaya, wato kimanin giram 200, da ruwa cokali biyu, da ɗan gishiri. A ƙasan takardar an rubuta 300, wanda daga baya na gane Farenhait ake nufi, daidai da 149 a ma'aunin Selshiyos da na saba da shi.

Gwajin farko ya lalace tun ba a je ko'ina ba. Tukunyar ba ta da kauri, na kuma cika wuta saboda gaggawa, sai bota ta rabu da sukari ta taso sama tana yawo. Wannan laifina ne, na kuma karɓa. Na biyun ne ya ɓata mini rai, domin na sayi tukunya mai nauyi da ma'aunin zafi, na rage wuta, na tsaya ina juyawa a hankali da cokalin katako har allura ta hau 300 cif, amma alewar ta fito da duhu da ɗacin ƙauri.

Da na kai wa dattijuwar ta ɗanɗana, dariya ta yi, ta ce ita rabonta da duba wannan lamba ta manta, launi take kallo. Ashe Denba tana kan tudu mai tsayin mita 1,609 daga doron teku, kuma saboda raguwar nauyin iska ruwa yana tafasa a wajen 95 maimakon 100 a ma'aunin Selshiyos. Ruwan cikin sukarin yana ƙonewa da wuri, don haka kafin ma'auni ya nuna 300 alewar ta riga ta wuce inda ya kamata a sauke ta. Ta ce in tsoma ma'aunin a tafasasshen ruwa, in ga nawa ya gaza 212 na Farenhait, wato inda ruwa ke tafasa a bakin teku, in cire wannan gibin daga abin da ke takarda. Ta kuma nuna mini gwajin da ta fi yarda da shi, wanda ni ma yanzu na fi amincewa da shi: a ɗiga kaɗan a kofin ruwan sanyi, idan zaren ya karye ƙas ta yi, idan ya lanƙwashe da saura.

A karo na uku na sauke a 290, na juye a faranti mai shimfiɗe da takardar gashi, na goge ɗan maiƙon da ya taso, domin idan aka bar shi cakulan ba zai kama ba. Na zuba ƙwayoyin cakulan tun alewar tana da zafi, na jira minti biyar suka yi laushi, na baje da bayan cokali, na barbaɗa almon. Busasshiyar iskar Kolorado, wadda ta tsattsage mini leɓe tun zuwana, a nan ta yi mini rana, saboda laima ce ke sa tofi danƙo. Da ta huce na farfasa ta da hannu, na cika gwangwanin na kai mata. Ta ɗauki guda ta karya a kusa da kunnenta, sannan ta karɓi takardar daga hannuna, ta soke 300 ta rubuta 290.