Makunni biyu, fitila ɗaya: inda na kai a aikin lungun gidanmu

'Yan uwana masu koyon wayarin, na yi muku alƙawarin bayyana yadda aikin fitilar lungun gidanmu na Argungu ya kaya, kuma ga shi. Tsakanin zaure da tsakar gida akwai lungu mai tsawon kimanin mita 11, makunnin fitilarsa kuwa guda ɗaya ne a bakin zaure, don haka duk wanda zai fita masallaci da asuba sai ya ratsa duhu yana lalube kafin ya kai gare shi. Baba ya daɗe yana ƙorafi a kan haka, musamman da bazara, lokacin da kunamu suke yawo.

Maganin shi ne a sa makunni mai hanya biyu a kowane ƙarshen lungun maimakon mai hanya ɗaya da ke bakin zaure, kuma bambancin irin makunnan biyu a bayansu yake. Mai hanya ɗaya ramin waya biyu gare shi, aikinsa kuma haɗawa da yankewa ne kawai. Mai hanya biyu yana da rami uku, an rubuta musu COM da L1 da L2, kuma duk lokacin da aka danna shi yana karkatar da wutar da ke COM ne daga ɗayan ramukan nan zuwa ɗayan. Saboda haka tsohon makunnin ba zai yi ba, sai na sayi sababbi guda biyu da waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5.

Tun kafin in kwance komai na gamu da abin da ya fi ɗaukar mini lokaci. Ranar da akwai wuta, na kashe makunnin, na cire ƙwan, na taɓa testa, wato sukudireban gwajin wuta, a cikin mazauninsa, sai ta kama. Ma'anar wannan ita ce wanda ya yi wayarin gidan tun farko baƙar waya, wato nutural, ya bi da ita ta makunni, ya bar ja, mai ɗauke da wutar, ta wuce kai tsaye zuwa fitila. Fitilar tana mutuwa kamar yadda ake so, amma bolt 230 yana nan a mazaunin ƙwan yana jiran hannun mai canza shi. Ina ba ku shawara ku yi wannan gwajin a kowane tsohon gida kafin ku amince da launin waya.

Washegari aka ɗauke wuta, ƙanena ya ce mu yi sauri mu gama kafin a dawo da ita. Ban yarda ba, domin mai dawo da wuta ba ya sallama. Na kashe babban makunnin gida, na cire fis na sa a aljihuna, na kuma zare wayar janareta, sannan na sauya wayoyin biyu a akwatin mahaɗa.

Haɗin kansa bai da wuya. Jar waya ta shiga COM na makunnin zaure. Daga nan na ja waya uku a cikin fayif zuwa sabon makunnin tsakar gida: ɗaya ta haɗa L1 da L1, ɗaya ta haɗa L2 da L2, ta uku kuma ta taso daga COM na sabon makunnin ta dawo ta haɗu da wayar da ke hawa zuwa fitila. Baƙar waya ba ruwanta da makunni ko ɗaya.

Duk da haka na yi kuskure. Da wuta ta dawo, makunnin tsakar gida yana aiki ne kawai idan na zaure yana ƙasa, idan kuwa aka ɗaga shi, babu abin da zai kunna fitilar. Da na sake kashe komai na buɗe, sai na tarar na sa jar wayar a L1, domin na bi inda ramin yake a tsohon makunni maimakon in karanta rubutun da ke jikin sabon. Kamfanoni ba sa ajiye COM a wuri ɗaya. Idan kuka ga makunni ɗaya ya zama ubangidan ɗaya, nan za ku fara dubawa.

Yanzu kowanne yana kunnawa yana kashewa. Ƙorafin Baba da ya rage shi ne ba ya iya gane a kunne fitilar take ko a kashe idan babu wuta, tunda sama da ƙasa sun daina nuna komai. Inna kuma ta nemi a sa mata na uku a ƙofar ɗakinta, wanda zai buƙaci makunni mai rami huɗu a tsakanin waɗannan biyun, kuma ranar Asabar zan shiga Birnin Kebbi in nemo shi.