Laraba: rim shida nake nema, huɗu na tarar

Ƙarfe bakwai da rabi na iso maɗaba'a. Hazo ya rufe gari, a Gawon Nama, nan cikin Sakkwato, ba ka ganin fitilar mota sai ta matso. Ko hular sanyi ban cire ba na buɗe littafin layi, domin Disamba ne, watan da aiki ke haɗe mana: jarrabawar ƙarshen zangon farko, kalandar sabuwar shekara, ga bukukuwa.

Na farko a layi yau littattafan amsa jarrabawa ne na wata makaranta a Mabera, guda 3,000, kowane shafi takwas. Shugabar makarantar ta ba da kafin alƙalami tun makon jiya, na yi mata alkawarin Alhamis da safe. Lissafin ba wuya. Injinmu Kord 64 ne, yana cin takarda mai faɗin santimita 46 da 64, wato shafi huɗu na A4 a kowace fuska, takwas gaba da baya. Falle ɗaya littafi ɗaya ke nan. Falle 3,000 kuwa rim shida ne, tunda kowane rim 500 ne, sai ɗan ƙari na wanda zai lalace wajen saita inji. Littafin sito ya ce muna da rim bakwai na takarda mai nauyin giram 80.

Na shiga sito na ƙirga. Huɗu. Na sake ƙirgawa, huɗu dai. Ashe ranar Asabar da na tafi ta'aziyya Bodinga an ɗauki uku an buga wa wani ɗan kasuwa rasit, ba wanda ya rubuta. Ban yi faɗa ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai, don da wannan littafin nake yi wa mutane alkawari. Idan ya yi ƙarya, ni na yi ƙarya.

Na kira dilanmu na Kano. Ya ce kayanmu na cikin mota tun jiya, sai dai direba ya kwana a Gusau, ba ya tafiyar dare a hanyar, kuma da safe motar ta ƙi tashi. Ban ga laifinsa ba. Farar takardar nan kusan duk daga waje ake shigo da ita, ta sauka Legas, ta hau Kano ko Kaduna, sannan ta iso mu. Mu ne ƙarshen hanya. Ƙasar da ta gina masana'antun takarda a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, yau ga ni a Sakkwato ina jiran rim biyu kamar mai jiran ruwan farko. Abin yana ci mini rai.

Muka fara da huɗun da ke hannu. Sai hunturu ya nuna halinsa. Iska ta bushe ƙayau, takarda ta riƙa manne wa juna, inji na ɗaukar falle biyu lokaci guda yana tsayawa. Baba mai inji, wanda ya fi shekara ashirin a kan Kord, ya ce da yaron shago, "Ɗauko ruwa ka yayyafa ma ƙasa, kuma kak ka buɗe rim sai mun kai gare shi." Shi kuma ya riƙa ɗibar takardar yana lanƙwasa ta yana kaɗawa don iska ta shiga tsakani. Cikin rabin sa'a inji ya daidaita. Ni dai ban taɓa gajiya da kallon hannun tsohon nan ba.

Wajen sha ɗaya wani Alhaji ya shigo, abokin maigida ne. Kalandar bikin ɗiyarsa yake so, guda 1,000, mai launi, yau yau. Ya ce, "Yaro, wanga aiki ba ya jira, Assabar aka ɗaurin aure. In kuɗɗi na, a faɗi." Na ce, "Ranka shi daɗe, ba zancen kuɗi ba ne." Na ja shi gaban inji na nuna masa. Kord launi ɗaya yake bugawa a tafiya guda. Kalandarsa sai ta ratsa inji sau huɗu, shuɗi, ja, rawaya, baƙi, kowane da farantinsa, kuma tsakanin launi da launi sai an wanke rola tas, ga takarda mai sheƙi tana son a bar ta ta sha iska. Yanzu baƙar tawada ce a kan inji. In na sauke jarrabawa na ɗora nasa, yini ya tafi, yara kuma gobe za su zauna ba takardar rubutu.

Mutane na ɗauka layi shi ne wanda ya riga zuwa, ko wanda ya fi ɗaga murya. A wurina abu uku ne: ranar da na yi alkawari, takardar da ke sito, da tawadar da ke kan inji. Shi ya sa duk aikin baƙi nake tara shi rana ɗaya, na launi ma haka. Na ce masa gobe da hantsi za a ɗora nasa tare da kalandar wani shagon magani, ya karɓa Juma'a bayan an sauko masallaci. Ya kira maigida a gabana. Gabana ya faɗi. Maigida ya ce masa, "Alhaji, abin da ya gaya maka shi na." Ya fita ba da fara'a ba, amma ya bar aikin.

Bayan Azahar wuta ta ɗauke, muka tayar da janareto. Rim na huɗu ya kusa ƙarewa, sai na hau babur na nufi wajen wani maƙwabcinmu a sana'a kusa da Tsohuwar Kasuwa. Ya ranta mini rim uku, in mayar idan mota ta iso. Giram 80 ce, amma ta fi tamu haske. Na kira shugabar makarantar na ce, "Hajiya, littafi dubu zai fi sauran fari." Ta ce a ware su daban ta ba 'yan manyan azuzuwa, kada yaro ya ga na ɗan'uwansa ya bambanta da nasa. Haka muka yi.

Ana kiran Magariba aka gama bugun baya. Naɗewa da ɗinki sai da asuba, masu yi sun ce za su zo da wuri. Kafin in rufe na ɗaure biro da zare a ƙofar sito, na rataye littafin a gefensa, na rubuta: rim uku, bashi. Direba ya kira ƙarfe takwas, ya ce ya iso Talata Mafara, nan zai kwana.