Jiya a agogon wa?

Saƙon da ya fi shigo mana gajere ne: "Malam, layi biyu kawai nake so a kan jadawalina, inda farashi ya kai a sama jiya da inda ya kai a ƙasa." Mai saƙon yakan ƙara da cewa ai aikin ba zai wuce minti goma ba. Ta wani gefen yana da gaskiya, domin rubutun da ke ɗauko lambobin nan biyu bai kai layi biyar ba. Amma ba na taɓa kwamfuta sai na mayar masa da tambaya: jiya a agogon wa?

Mu uku ne a kamfanin. Ni da wani matashi muke rubuta manhaja, sai wata 'yar'uwa da aikinta shi ne gwada duk abin da muka rubuta kafin ya fita. Abin da muke yi shi ne indikata, wato ƙananan manhajojin da 'yan kasuwar canjin kuɗi, hannun jari da kirifto ke ɗorawa a kan jadawalin farashi don su zana musu layi ko su buga musu ƙararrawa. Mafi yawan aikinmu a wuri uku yake: TradingView mai harshen Pine Script, MetaTrader mai MQL4 da MQL5, da NinjaTrader wanda aka gina harshensa a kan C#. Cikin duk abin da ake nema, layukan jiya ne kan gaba: saman jiya, ƙasan jiya, farashin da aka rufe da shi, wani lokaci da wanda aka buɗe da shi.

Dalilin da ya sa ake son su ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya buɗe jadawali da safe yana ganin lambobin nan, don haka mutane da yawa kan ajiye odar saye, odar sayarwa ko odar tsayar da asara a kusa da su. Daga cikinsu ne ake fitar da abin da ake kira fibot, lissafin da dillalan zauren ciniki na Shikago ke yi da biro da takarda tun kafin kwamfuta ta shigo harkar. A haɗa sama da ƙasa da rufewa, a raba uku. A ce jiya yuro ya kai dala 1.0900, ya sauko 1.0810, ya rufe a 1.0870: fibot ya zama 1.0860. A ninka shi biyu a cire ƙasan jiya, an sami shingen farko na sama, inda ake sa ran farashi zai tsaya in yana hawa, a 1.0910, a cire saman jiya kuma, an sami madogarar farko, inda ake sa ran zai tsaya in yana sauka, a 1.0820. Ɗalibin sakandare zai yi wannan. Matsalar ita ce, idan lambobi ukun farko sun fito daga ranar da ba ita ba, duk abin da aka ɗora a kansu ya karkace.

Na koyi wannan da wahala a shekarata ta farko. Na rubuta wa wani ɗan kasuwa indikata a MetaTrader 4, na gwada ta daga Talata zuwa Juma'a, komai ya zauna daidai, na miƙa. Ranar Litinin da sassafe sai ga kiransa. "Malam, layukanka sun haɗe wuri ɗaya, kamar jiya kasuwa ba ta motsa ba." Na buɗe jadawalinsa na duba. Agogon dillalinsa a kan GMT yake. Kasuwar canjin kuɗi kuwa tana buɗewa ranar Lahadi da ƙarfe 5 na yamma agogon Niyok, wato ƙarfe 10 na dare a GMT lokacin hunturu. Saboda haka dillalin yana fitar da wani ɗan ƙaramin kyandir (alamar da ke nuna buɗewa, sama, ƙasa da rufewar farashi na wani lokaci a jadawali) na Lahadi mai awa biyu kacal, kuma shi manhajata ta ɗauka a matsayin jiya. Mutumin yana nufin Juma'a. Ya riga ya shiga ciniki bisa layin da na ba shi, ya kuma yi asara. Na mayar masa da kuɗin aikinsa, na gyara kyauta, amma nauyin abin ya daɗe a zuciyata, domin laifin nawa ne: ban tambaya ba.

Wannan ne ya sa dillalai da yawa ke saita agogonsu a kan GMT+2 da hunturu, GMT+3 da bazara. Da haka tsakar darensu ke faɗawa daidai ƙarfe 5 na yamman Niyok, mako ya fito da kyandir biyar cif, babu guntun Lahadi. To amma nan ma akwai rami. Amurka tana tura agogonta gaba a Lahadi ta biyu ta watan Maris, ta dawo da shi a Lahadi ta farko ta Nuwamba. Turai kuma sai Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A tsakani akwai mako biyu ko uku a Maris da mako ɗaya a kaka da tazarar Landan da Niyok ke komawa awa huɗu maimakon biyar. Duk manhajar da aka rubuta mata tazarar da lamba tsayayya, a makonnin nan za ta yanka rana a wurin da ba shi ba. Shi ya sa a Pine Script ba na yarda a rubuta lamba. Sai dai a rubuta sunan yankin, America/New_York, manhajar ta bi canjin da kanta. Tun cikin Fabrairu muke sake gwada tsofaffin ayyukanmu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu hannun jari da kwantiragin gaba, wato yarjejeniyar saye ko sayarwa a wata rana mai zuwa, nasu daban ne. Kasuwar hannun jari ta Niyok tana ci daga 9:30 na safe zuwa 4 na yamma. Amma kwantiragin E-mini na S&P 500, ma'aunin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, a kasuwar CME ta Shikago kusan awa 23 yake tafiya a rana, da hutun awa ɗaya. To saman jiya wanne ne, na cinikin rana ko na rana da dare duka? 'Yan kasuwa biyu masu kayan ciniki iri ɗaya za su ba ka amsa biyu, kuma kowa na da hujjarsa. Haka rufewa: akwai farashin cinikin ƙarshe, akwai kuma farashin da kasuwar ke fitarwa a hukumance don lissafin riba da asara, kuma ba lallai su zo ɗaya ba. Ga ranakun hutu, ga rabin rana irin ta washegarin bikin godiya na Amurka, da ake tashi ƙarfe 1 na rana. Ga ranar da ake sauya kwantiragi a Maris, Yuni, Satumba da Disamba, inda jiya ta tsohon kwantiragi ce, yau kuma ta sabo. Bitcoin kuwa ba ya rufewa ko kaɗan, sai dai yawancin dandamali sun ɗauki tsakar daren UTC, wato agogon GMT, a matsayin iyakar rana.

Yanzu muna da takardar tambayoyi da kowa zai cike kafin mu faɗi kuɗin aiki. Wasu kan ji haushi, su ce ana ja musu rai a kan layi biyu. Ba na janyewa a kan wannan.

Akwai abin da ya fi agogo damuna, shi ne indikata mai leƙen gaba. A Pine Script ana ɗauko bayanan kyandirin rana daga cikin jadawalin minti biyar da umarnin request.security. Umarnin yana da wani zaɓi, lookahead, wanda idan aka kunna shi ba tare da an ja baya da kyandir ɗaya ba, manhajar za ta nuna saman ranar tun daga kyandirin farko na safiya, a kan tarihin da ya wuce. Wanda ya kalli jadawalin zai ga farashi yana zuwa ya taɓa layi daidai ya juyo, kullum, babu kuskure. Dole ya zama haka, tunda layin shi ne inda farashin ya tsaya a ranar. Manhajar ta riga ta gani. Da an koma kasuwa mai tafiya sai abin ya watse, domin babu wanda ya san saman yau da ƙarfe tara na safe. Gyaran ɗan ƙarami ne, a ƙara [1] don a ɗauki kyandirin da ya riga ya rufe, sai abin da ake gani a tarihi ya zama shi ake gani a yau. Amma bambancin da ke tsakanin rubutun biyu shi ne bambancin kayan aiki da yaudara.

Wani ya taɓa kawo mana irin wannan indikata da ya saya a wani wuri, yana so mu mayar masa da ita MetaTrader 5. Ya turo hotunan gwajin da ya yi a kan tarihin farashi, riba tana hawa kamar tsani. Matashin da muke aiki tare ya duba rubutun ya ce, "Oga, wannan fa gaba take leƙawa." Na kira mutumin na yi masa bayani. Ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, ku dai mayar min da ita yadda take, zan sayar wa ɗalibaina." Na ce masa ya yi haƙuri, za mu iya rubuta masa ta gaskiya, amma waccan ba da hannunmu ba. Bai dawo ba. A watan kuwa muna buƙatar kuɗin sosai. Na san irin mutanen da za su saya: waɗanda suka tara ɗan abin da suke da shi suka shigo kasuwa da fata, su ne za su biya kuɗin layin ƙarya sau biyu, wajen saye da wajen asara.

A MetaTrader kurakuran wasu ne. Sabon mai rubutu yakan kira umarnin iHigh, mai ɗauko saman kyandir, da PERIOD_D1, wato kyandirin rana, da lamba 1, ya sami saman jiya, ya ji daɗi. Sai ya ja jadawalin baya ya tarar layi ɗaya ne ya ratsa duk tarihin, domin lamba 1 tana nufin jiyan yau ne kawai. Kowane kyandir sai an nemo masa ranarsa da iBarShift, sannan a koma baya da ɗaya. Wani lokaci kuma bayanan rana ba su gama saukowa daga dillali ba, manhajar ta dawo da sifiri tare da kuskure mai lamba 4066, layi ya faɗo ƙasan allo ya matse jadawalin gaba ɗaya. Sai an koya mata ta jira. A TradingView kuma akwai iyakar layukan da rubutu ɗaya zai iya ajiyewa, 500 ne ƙarshe, bayan nan tsofaffin su fara ɓacewa. Waɗannan ba su da wuya, sai dai duk wanda bai gamu da su ba ba zai yi tsammaninsu ba.

Gwajinmu da hannu ake yin sa. 'Yar'uwar nan takan zaɓi ranaku masu rikici: wata Litinin, washegarin hutu, makon canjin agogo, ranar sauya kwantiragi, ranar da aka raba hannun jari kamar yadda Apple ya raba nasa gida huɗu a Agusta 2020. Ta karanto sama da ƙasa da idonta daga kyandirorin minti ɗaya, ta rubuta a takarda, ta gwada da abin da layinmu ya nuna. Sannan ta bar indikatar a buɗe yini guda, ta ɗauki hoton allo da safe, ta sake loda jadawalin da dare ta ga ko layi ya gusa. Idan ya gusa ko da ɗigo ɗaya ne, aikin ya dawo teburina. Wannan gwajin yakan ci ninkin lokacin rubutun sau da yawa, kuma shi ne mafi wuyar sa wa kuɗi, domin wanda ya ba da aikin ba ya ganinsa.

Masu aiki kan tambaye ni ko layukan suna aiki. Amsata ɗaya ce: layin yana gaya maka inda farashi ya tsaya jiya, ba ya gaya maka abin da zai yi yau. Wata rana ya taɓa ya juyo, wata rana ya ratsa kamar babu komai, wata rana ya ɗan leƙa sama ya kwashe odar tsayar da asara ta mutane sannan ya dawo. Ba na sayar da sigina, wato shawarar lokacin saye ko sayarwa, ba na kuma rubuta alƙawarin riba a takardar aiki. Abin da nake sa hannu a kai shi ne lambar daidai ce, ta ranar da ka ce, a agogon da ka zaɓa, kuma ba za ta canza ba bayan ka juya baya.

A makon nan aikin da ke gabanmu shi ne mayar da tsofaffin rubuce-rubucenmu zuwa Pine Script na 6, wanda ya fito a ƙarshen 2024. Akwai kuma wata mai aiki da ke cinikin zinariya, tana so jiyarta ta fara daga buɗewar Landan, ƙarfe 8 na safe, ba daga tsakar daren dillalinta ba. Wannan ba kyandirin rana zai ba mu shi ba, sai mun tara sama da ƙasa da kanmu daga ƙananan kyandirori. Na tura mata takardar tambayoyi jiya da yamma, ta cike duka sai ɗaya: me za a yi ranar da Landan ke hutu amma Niyok na ciniki. Ita nake jira.