Sunayen da aka fito da su a cikin riga

Assalamu alaikum 'yan'uwana na Sakkwato. Ya damina? Allah ya sa ruwan ya sauka da albarka, ya tsare mutanen bakin Rima daga ambaliya.

Asabar ɗin da ta wuce na bar Atlanta da sassafe na nufi kudancin jihar Jojiya. Bayan awa biyu da wani abu sai gari ya ƙare, aka shiga jar ƙasa da gonakin gyaɗa da auduga, har na ji kamar hanyar ƙauye nake bi a gida. Garin Plains na tsohon shugaba Jimmy Carter, manomin gyaɗan nan, yana nan kusa. Ni dai Andersonville na nufa, ƙauyen da ko kasuwar kirki ba shi da ita.

A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, sojojin Kudu sun kafa sansani a nan don tsare sojojin Arewa da suka kama. Sun zaɓi wurin saboda yana nesa da fagen daga, ga layin dogo, ga rafi. A watan Fabrairu 1864 aka buɗe shi, da lissafin mutum 10,000. Zuwa watan Agusta an cusa sama da 32,000 a fili mai eka 26 da rabi, wanda aka kewaye da gumagumai masu tsawon ƙafa 15. Ba ɗaki, ba rumfa. Kowa ya kafa tsummansa, ko ya tona rami ya shige. Can cikin shingen kuma aka ja wata iyaka, wanda ya ƙetara ta, mai gadi ya harbe shi daga sama.

Na tsaya a bakin rafin nan. Wallahi yaro zai iya tsallake shi. Shi ne ruwan sha, shi ne na wanka, shi ne makewayi, kuma kafin ya shigo ya riga ya bi ta zangon masu gadi da madafa. Abinci garin masara ne da aka niƙa har da totuwa, ya shiga hanjin mai gudawa ya ƙara yayyaga shi. A watan Agusta kaɗai, wajen mutum 100 ake fitarwa kullum. Cikin wata 14, mutum 45,000 suka shiga, kusan 13,000 ba su fito ba. Cunkoson kuwa ya samo asali ne daga tsayawar musayar fursunoni, tun da Kudu ta ƙi yarda a yi musayar baƙaƙen sojoji daidai da farare.

Bayan yaƙi an rataye kwamandan sansanin, Henry Wirz, a Nuwamba 1865. Wannan bai dame ni ba kamar labarin wani yaro, Dorence Atwater, fursuna ɗan shekara 19. Da aka ga rubutunsa na da kyau sai aka sa shi rubuta sunayen mamata: suna, runduna, lambar kabari. Yaron ya yi tunanin ba lalle littafin ya kai ga iyayen mutanen ba, sai ya riƙa kwafa a ɓoye, ya fito da takardun cikin rigarsa. Da aka gama yaƙi ya dawo tare da Clara Barton, wadda ta kafa Red Cross ta Amurka daga baya, suka bi lamba suna kafa alama. Ladan da gwamnatinsa ta fara ba shi kuwa kurkuku ne, wai ya saci takardun hukuma. A 1866 dai aka buga sunayen a jarida.

Duwatsun kaburburan kusan manne suke da juna, domin a dogon rami aka jera gawarwakin kafaɗa da kafaɗa. Na ga wata dattijuwa da takarda a hannu tana bin lambobi da yatsa, har ta durƙusa gaban ɗaya ta cire busasshen ganye daga kansa. Duk yawan nan, 460 kawai ba a san sunansu ba.

A nan Satiru ta faɗo mini. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Hubbare, a Maris 1906 sojojin Turawa suka baje garin, aka kashe mutane wajen 2,000. Na yi firamare da sakandare a Sakkwato, ba malamin da ya taɓa kai mu can, kuma in aka ce in kawo sunan manomi ɗaya da ya mutu ranar nan, sai dai in yi shiru.

In Allah ya kai mu babbar salla ina tafe, kuma ina son zuwa Satiru da littafi da biro. Wanda ke da tsoho a gida da ya ji wani suna daga bakin kakanninsa, don Allah ya zauna da shi tun yanzu, ya ɗauki maganar a waya, ya ajiye mini.

A gaishe da iyayenmu da malamanmu.

Ɗan'uwanku,
daga Atlanta