Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Makullan da ke Bakin Zanena

Makon jiya na tsaya a ranar da takardar JETS, makarantar tauhidi ta ikilisiyar ECWA da ke Jos, ta iso Malumfashi, cewa sun ɗauke ni karatun digiri na biyu a fannin shugabanci. Shekarar 2014 ce, ina da shekara 52, ina shugabar makarantar firamare, ina kuma riƙe da Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu. A watan Mayun shekarar nan bam ya tashi a kasuwar Taminus a Jos, mutum sama da ɗari suka rasu. Baban yara bai ce kar in tafi ba. Ya yi kwana biyu ba ya gama tuwonsa, a rana ta uku ya ce, "Maman yara, in Ubangiji ne ya kira ki, ni wane ne?" Shi da kansa ya kai ni tasha.

Wanda ya yi magana shi ne dattijon nan da ba zan faɗi sunansa ba, 'yan gida sun san shi. A ƙofar majami'a, gaban mata, ya ce, "To Malama, in kin samo digirin, wa za ki shugabanta? Tukwane?" Aka yi dariya. Na durƙusa na ce, "Baba, ku dai sa mini albarka." Fiye da shekara goma ke nan, har yau in na wuce ƙofar nan sai na ji muryarsa.

Goggo ce ta rarrashe ni da daren, da maganar da ta raine mu da ita: babba juji ne, kowa ya kwaso shara kansa zai zuba. Tun ina 'yar fari a gidanmu nake jin ta. Da Inna ta rasu na ji ta, ranar aurena na ji ta. Ni kuwa na ɗauka ma'anarta ita ce babba ya kinkimi komai shi kaɗai, ya yi shiru.

Haka na tafi da ita Jos: Funtuwa, Zariya, Pambeguwa, Saminaka, sai hawan dutse da sanyin da ke shiga ƙashi. A Farin Gada makarantar take, ECWA ta buɗe ta a 1980. A ajinmu yawanci fastoci ne, wasu sa'o'in ɗana, duk Mama suke ce mini. Kwamfuta ta ba ni wuya ƙwarai, amma wannan labarin wani mako ne.

Abin da ya karya ni wani aiki ne da malaminmu ya ba mu bayan mun karanta Fitowa sura 18, inda Yetro ya tarar da surukinsa Musa yana shari'a tun safe har yamma, ya gaya masa zai gajiyar da kansa ya gajiyar da jama'a, sai ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma. Malam ya ce kowa ya raba takarda biyu: a dama ayyukan da ke hannunka, a hagu sunan wanda zai iya kowanne in ka kwanta yau ba ka tashi ba. Ya tuna mana da Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya riƙe sakataren ECWA, ya rasu a teku a Kenya a 1975 yana da shekara 39 kacal. Ba wanda ya san ranarsa.

Na cika dama da ayyuka 17. Littafin baiko, kuɗin anko, makullin ɗakin ajiya, makullin akwatin ganguna da tulun kiɗa, ziyarar gwauraye, har da wadda za ta fara waƙa ranar Talata. Hagu fari fat. Na kai hannu bakin zanena, sai na ji makullan nan guda huɗu a ƙulle. Na taho da su Jos! Ashe mata suna can suna taro ba kiɗa, suna jiran in dawo. Na kifa kaina a kan tebur na yi kuka, wani matashin fasto ya miƙo mini ruwa yana cewa, "Sannu Mama, sannu."

Shekara 19 ina kiran wannan aminci. Rashin yarda da mutane ne, da son a ce in ba ni ba, ba wanda zai iya.

Da na koma gida hutu, na kira wata yarinya, matar ɗan ƙanen Baban yara, mai hankali amma ba ta taɓa buɗe baki a taro ba. Na kwance makulli biyu da littafin baiko na sa a tafin hannunta. Hannun yana rawa ta ce, "Mama, ni ba zan iya ba." Na ce, "'Yata, ni ma ba da iyawa aka haife ni ba." Wata na uku lissafinta ya yi giɓin naira dubu huɗu, kuskuren tarawa ne kawai, mun gano shi a dare ɗaya da fitilar waya. Amma kafin gari ya waye magana ta kai kunnen dattijon. A zaman dattawa ya ce ga abin da karatun Jos ya haifar, an ba yara kuɗin Allah suna wasa. Sai da na ji tukwanen nan sun dawo mini sabo.

A nan ne na sake jin maganar Goggo, ita kuwa ta riga ta kwanta dama a lokacin. Na tashi na ce, "Baba, ni na ba ta littafin. In akwai laifi, a kaina za a zuba, kar a taɓa yarinyar nan. Littafin kuma yana hannunta." Ban taɓa mayar wa dattijo magana ba sai ranar. Ƙafafuna suna rawa, amma ban zauna ba sai da Rabaran ya ce, "Mun ji, Mama."

Yarinyar ita ce ma'ajin Zumunta har yanzu. Ranar da muka sa rigar saukar karatu ta biyo mota tun daga Malumfashi da kwanon dambu a cinyarta. Dattijon na aika masa katin gayyata da hannuna, bai zo ba, bai kuma aiko ba.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin sauran makullai biyun, da abin da ya sa na ƙara shekara guda ban sake su ba.