Godiya bayan dawowar intanet a ɗakunan kwanan ɗalibai

Alhamdu lillahi, intanet ta dawo a dukkan ɗakunan da muke ba wa layi, kuma tun daren jiya babu wayar da ta sake yankewa. Kun riga kun san halin yankewar intanet da aka shiga tun ranar da muka ɗaga manhajar rautarmu (na'urar da ke raba wa wayoyi intanet) daga OpenWrt 19.07 zuwa 21.02, wato daga kanel (zuciyar manhajar Linux da rautar ke aiki da ita) 4.14 zuwa 5.4, don haka ba zan maimaita ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne daren da ɗalibai masu rajistar jarrabawa suka taru a bakin ƙofar ofis, ga siginar Wi-Fi a cike a wayoyinsu, ga kowa ya samu adireshin IP (lambar da rauta ke ba kowace waya), amma shafi ko ɗaya ba ya buɗewa. A wannan daren na ji tsoron cewa amanar da suka ba mu ta rushe. Ina cikin wannan hali Injiniya, babban yayanmu a wannan sana'a, ya kira daga Zariya alhali yana jinyar mahaifiyarsa. Bai yi mini faɗa ba, sai ya ce, "Ƙanena, kwantar da hankalinka, karanto mini abin da kanel yake rubutawa." Da na karanta masa saƙon da ke nuna teburin ARP ya cika, nan take ya gane cutar. Wannan tebur ne rauta ke dubawa don haɗa adireshin IP na kowace waya da adireshin MAC nata (lambar shaidar ita kanta wayar), kuma iyakarsa ta asali a Linux 1024 ce. Rautoci irin tamu sun koma tsarin DSA (sabuwar hanyar sarrafa kafofin kebul na rauta) a wannan sigar, shi ya sa ba a iya riƙe tsofaffin saituna yayin ɗagawa, kuma ƙarin da aka taɓa yi wa gc_thresh3, wato saitin wannan iyaka, ya tafi tare da su. Muka mayar da iyakar 4096, wayoyi suka fara shiga ɗaya bayan ɗaya.

Na san ba ya son a ambace shi, amma ya yi haƙuri. Injiniya, Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya buɗa maka ƙofofin arziki ta inda ba ka zato, Ya raya maka zuri'a bisa tafarkin gaskiya. Baba mai gadi, wanda ya hana janareta mutuwa har asuba, Allah Ya saka maka da gidan Aljanna.

Wasu daga cikin dangi da ke amfani da layin kyauta sun kira, amma tambayarsu ɗaya ce, yaushe za a gyara. Allah Ya bar zumunci.

Ɗalibai, mun gode da haƙurinku. Za a ƙara wa kowa kwanakin da ya rasa a kan kuɗin da ya biya, ba sai ya zo ofis ba. Allah Ya ba ku sa'ar jarrabawa, amin.